Fashin baƙi: Da gaske bindigar nan ta je Yaƙin Haɗejiya?

A wani ƙauye tsakanin Kafin Hausa da Haɗejiya, a gidan kakannina na wajen uwa, akwai wata doguwar bindigar toka da muka tashi muka tarar rataye a turakar mai gida. An naɗe ƙotarta da jar fata, ga layu biyu ɗaure kusa da kunama. Tun muna yara ake faɗa mana cewa ta zamanin Sarkin Haɗejiya Buhari ce, kuma ita kakan kakanmu ya saɓa ranar da Nasara suka shiga Haɗejiya, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada. Babu wanda ya taɓa tambayar ko haka ne. Wa ma zai tambaya?

Sai bayan rasuwar mai gidan, ana shirin rabon gado, wani dillalin tsofaffin kaya da ya ji ƙishin-ƙishin ya iso ƙofar gida a kan babur. Ya juya ta, ya shafa, ya nuna wani rubutun boko a gefenta, TOWER, da ɗan kambi kusa da shi, ya ce ai wannan daga rumbun makaman Sarauniyar Ingila ta fito. Ya taya ta kuɗin bijimai biyu. Nan take gida ya rabu. Wasu kawunnaina suka ce a karɓa tun bai sake shawara ba. Wasu suka ce in har dillali ya buɗe baki da haka, to inda zai kai ta ninkin ba ninkin ne. Aka ce a kira ni, ba don na san bindiga ba, don dai ni ne ɗan bokon gidan mai nacin tone-tone.

Duk wanda ya ce "bindigar nan ta je Yaƙin Haɗejiya" magana uku ya dunƙule a baki ɗaya. Wace iri ce, a ina aka ƙera ta? Yaushe aka ƙera ta? Sannan a hannun wa take a ranar da ake zance? Biyun farko ƙarfe da itace suna iya amsa su. Ta ukun ba ta jikin bindiga, tana wajen mutane, kuma ita ce mai tsada.

A watan Agustan 2021 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wata ƙaramar bindiga ƙirar Colt a kan fiye da dala miliyan 6. Irinta dubbai aka ƙera. Abin da ya ɗaga ta shi ne an iya nuna cewa da ita Pat Garrett ya harbe ɗan fashin nan Billy the Kid a 1881, kuma an bi sawunta hannu bayan hannu, har da takardun shari'ar da matar Garrett ta yi don karɓo ta daga inda mijin ya bar ta aro. Shekara biyu kafin nan, a Yunin 2019, an sayar da wata tsatsattsiyar bindiga a Faris a kan yuro 162,500, wadda ake zaton da ita mai zanen nan Van Gogh ya harbi kansa a 1890. Wani manomi ne ya tsince ta a gona bayan shekaru saba'in ko fiye, kuma su kansu masu gwanjon ba su ce sun tabbatar ba. Zato kawai ya kai wannan kuɗi. To tunda labari na haifar da kuɗi haka, dole a sami masu ƙera labari, kamar yadda ake samun masu ƙera bindiga.

Hanyar tantancewar kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ya ji yadda malaman hadisi ke bin magana: a duba matani, a duba isnadi. Wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Sun yi zamani ɗaya? Sun haɗu? Mai ruwayar an san shi da riƙo, ko mai ƙari ne? Bindiga ita ce matani, hannuwan da ta bi su ne isnadi. Kuma kamar yadda magana mai daɗin ji ba ta inganta don daɗinta, tsohon ƙarfe ba ya zama na sarki don tsufansa.

Na fara da matani. Kafin komai, gargaɗi ɗaya da wani tsohon maharbi ya yi mini, kuma ya yi gaskiya: bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki tana iya shekara ɗari da ɗuri a cikinta, albarushin kuma bai mutu ba. Ana zura sandar ɗuri a cikin bututun a yi alama, a fito da ita a gwada ta waje. In ta tsaya tun ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki, sai a nemi wanda ya san kan abin. Kada kuma a goge ta da yashi ko toka ko takardar goge ƙarfe don ta yi ƙyalli. Mai goge tsohuwar bindiga shaida yake gogewa.

Kuskure na farko da kusan kowa ke yi shi ne ɗaukar cewa bindiga mai ƙanƙara, wato wadda dutse ke ƙyasta wa wuta, lalle ta ƙarni biyu ce ko uku. A Turai haka ne a galibi, domin tun wajen 1820 zuwa 1840 suka koma wa mai 'yar hular tagulla, daga baya suka koma masu ɗuri ta gindi. Amma ba su daina ƙera mai ƙanƙara ba, mu suka ci gaba da ƙera wa. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Brussels wadda ta taƙaita sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara marasa tsagi a ciki, da albarushin kasuwa. Saboda haka maƙeran Birmingham a Ingila da na Liege a Beljiyam suka yi ta zubo su har cikin ƙarni na ashirin. A garin Brandon na Ingila, masu fasa ƙanƙarar bindiga sun ci gaba da aiko ta Afirka har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Turawa suna kiran irin wannan bindiga da sunan mutanen Denmak, don 'yan kasuwarsu da suka yi cinikinta a gaɓar Gana, amma mafi yawanta ba a Denmak aka yi ta ba. Ko sunan ma ke nan ba abin dogaro ba ne.

Abin dogaro shi ne hatimin gwaji. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma Turawa doka suka mayar da wannan. Kafin a sayar da bututun bindiga sai an kai shi gidan gwaji, a cika shi da albarushi fiye da ƙima a harba. In bai fashe ba a buga masa hatimi kusa da gindi, a sama ko a gefen hagu ko a ƙarƙashi inda ƙota ta rufe. Gidan gwajin Birmingham an kafa shi a 1813. Daga wannan shekara zuwa 1904 hatiminsa sanduna biyu ne a gicciye da kambi a sama, da ƙananan haruffa a tsakani. A 1904 aka sauya shi zuwa kambi a kan BP da kambi a kan BV, aka tafi a haka har 1954. Na Landan kambi ne a kan GP da kambi a kan V. Na Liege haruffa uku ne, ELG, a cikin da'ira mai siffar ƙwai, tun farkon ƙarni na sha tara, kuma a 1893 aka fito da mai kambi a kai. Ganin kambin yana nufin ba a buga hatimin kafin 1893 ba. Rashin kambin shi kaɗai ba ya rantse maka cewa ta riga wannan shekara. Haka kuma duk inda ka ga an rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya ɓaro-ɓaro da Turanci, ka karkata ga ƙarshen ƙarni na sha tara zuwa gaba, don dokokin Birtaniya na 1887 da na Amurka na 1890 ne suka yaɗa wannan al'ada.

Da muka zare ƙusoshi muka ɗaga bututun tamu daga ƙota, muka haska da fitilar waya, sai ga kambi a kan BP, ga na BV kusa da shi. Sarki Buhari ya rasu a 1863. Bututun da aka gwada a 1904 ko bayanta bai ga Buhari ba, kuma babu kirarin da zai gyara wannan. Babban kawuna ya daɗe yana kallon hatimin, sannan ya ce, "To ai Yaƙin Nasara a bayan nan aka yi." Gaskiya ne, a Afrilun 1906 aka yi shi. Ƙarfen bai rufe wannan ƙofa ba. Ya dai matse ta ƙwarai: sai bindigar ta fito daga Birmingham, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a gaɓa, ta keto Kurmi, ta iso ƙasar da ke takun saƙa da Turawa, duk a cikin shekara biyu, a lokacin da ko Kano jirgin ƙasa bai iso ba sai 1911. Yana yiwuwa. Amma yiwuwa daban, shaida daban.

Shi kuma TOWER da dillali ya kafa hujja da shi fa? Gaskiya ne bindigogin gwamnatin Ingila na ɗauke da wannan suna a ƙarfen gefe, wanda kunama da ƙanƙara ke jikinsa. Sai dai na gwamnati yakan zo da kambi a kan haruffan mai mulki, GR ko VR, da wata alama mai kama da kan kibiya. 'Yan kasuwa sun sayi tsofaffin irin wannan ƙarfe da soja suka yar sun ɗora wa sababbin bindigogi, sun kuma buga sunan a kan na kasuwa zalla, don sun lura masu saye a Afirka na neman sa. Tamu ba ta da haruffan, ba ta da kan kibiyar. Wannan wasa ba a Turai kaɗai aka yi shi ba. Maƙeran mashigin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun shahara da kwaikwayon Martini-Henry, bindigar da sojan Birtaniya suka fara riƙewa a 1871. Masu tara kayan tarihi kan kama su da abu biyu: harafin N na ENFIELD a juye, da tambarin Sarauniya Victoria haɗe da shekarar da ta wuce 1901, alhali a Janairun wannan shekara ta mutu. Maƙaryaci yakan san siffa, lissafin shekaru ne ke kayar da shi.

Akwai wani abin da ke ruɗa lissafi a ƙasarmu fiye da ko'ina. Bindiga a nan ba a akwatin gilashi take zaune ba. Ta je farauta da rani, ta kori birai a gona, ta yi aiki a hawan sallah da naɗin sarauta da tarbar alhazai. Ƙota ta tsage an sassaƙa wata, bututu ya fashe an sauya, kunama ta saki maƙeri ya yi mata sabuwa. Don haka gaɓa uku ne, kowace da shekarunta: bututu, ƙarfen gefe, ƙota. A duba ko sun zauna da juna daram, ko kuwa akwai tsohon rami da aka cike, ko an rage itace don baƙon ƙarfe ya shiga. Wani ƙanen mahaifiyata ya kama wannan igiya ya ce wataƙila bututun ne sabo, sauran na zamanin Buhari ne. Hujja ce mai kyau a bisa ƙa'ida. Amma a tamu gurbin bututu da na ƙarfen gefe duk an sassaƙa su daidai da abin da ke ciki, babu alamar wani ya taɓa zama a wurin.

Yawancin bindigogin tokar da ke ƙauyukan Kano da Jigawa ma ba daga Turai suka zo ba, ƙirar maƙeranmu ne, kuma gane na baya-bayan nan ba wuya. Ɗigon walda, bututun famfo mai ɗinki a tsaye, sandar sitiyarin mota, sifirin na keke ko na babur, noti mai kan gicciye wanda sai bayan 1930 ya shigo duniya: ko ɗaya daga ciki ya isa ya cire bindiga daga zamanin Basasar Kano ta ƙarshen ƙarni na sha tara. Ban faɗi haka don raini ba. Bindigar da maƙerin garinku ya ƙera wa sarkin bakan garinku shekara saba'in da suka wuce tana da tarihinta, kuma sau da yawa nata ya fi inganci, don akwai masu rai da suka san maƙerin.

Masu tsufar da kaya da gangan kuwa, binnewa suke yi a ƙasa mai danshi, ko su shafa gishiri ko ruwan batir. Tsatsar shekaru ba ta zuwa bai ɗaya. Inda hannu ke kamawa yakan yi sulɓi, kusa da inda wuta ke tashi yakan ciccinye, ƙarƙashin ƙota yakan fi lafiya. Tsatsar da aka haɗa cikin wata guda ja ce, ko'ina iri ɗaya, har tana bin hannu. In an zana sunan wani sarki ko wani barde a jiki, a sa gilashin ƙara girma a leƙa cikin haruffan. Rubutun da ya tsufa tare da ƙarfe bakinsa ya dakushe, cikinsa da wajensa launi ɗaya. Wanda aka yi daga baya yakan yanka ta kan ramukan tsatsa, da kaifinsa.

Duk wannan aiki, ka lura, kore labari kawai yake iya yi. Sau ɗaya na san inda ƙarfe da kansa ya ce "na je wurin". A filin yaƙin Little Bighorn na 1876 a Amurka, gobarar daji ta share ciyawa a 1983, masu haƙar tarihi suka shiga a 1984 da 1985 suka tsinci kwanson harsasai. Kowace bindiga tana barin tabonta a gindin kwanso, don haka aka iya haɗa wasu kwansunan da wasu bindigogin da ke hannun mutane. Bindigar toka ba ta zubar da kwanso, cikinta kuma sumul ne. Wannan hanya a rufe take gare mu.

Kafin a koma ga isnadi, yana da kyau mutum ya auna labarin da abin da aka sani na zamanin. Bindiga ta daɗe a Kano. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowarta daga Nufe a zamanin Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. (Dubi yadda kalma ke lalacewa: 'yan bindiga a da dakarun fada ne masu ado da alfarma.) Amma har tsakiyar ƙarni na sha tara yaƙin ƙasar nan na doki ne da mashi da takobi da kwari da baka, bindiga kuwa tsiraru ce, galibi a hannun bayin sarki. Sai can ƙarshen ƙarnin ta yawaita: Damagaram na samun ta ta hanyar Turabulus, Rabe ya ci Barno a 1893 da rundunar masu bindiga, Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta ƙara buɗe kasuwarta. To in aka ce maka manomin ƙauye, wanda gidansu ba na fada ba ne, yana da bindigar kansa a zamanin Buhari, ba a ce ƙarya ne ba, amma nauyin kawo hujja ya ƙaru.

A Amurka mai bindigar Colt yana iya aika lambarta ga kamfanin a duba masa tsohon littafi, a gaya masa ranar da ta fita da inda aka aika ta. Littattafan Winchester suna gidan tarihin makamai na Cody a jihar Wyoming. Bindigar kasuwa irin tamu yawanci ko lamba ba ta da ita, balle littafi. Abin da za a iya samu a nan shi ne tsohon lasisi ko rasitin En'e, takardar rabon gado daga kotun alƙali, hoton hawan sallah da bindigar ta fito a ciki, ko wasiƙar fada. Mai son zurfafawa yana da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda zai kwatanta abinsa da waɗanda aka san asalinsu. Ita ma takardar sai an tuhume ta. Tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar nan da yawa a kan takardar Italiya suke, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta ga haske, da tawada da alƙalamin kara. Wasiƙar da aka ce ta 1900 ce amma da biro aka rubuta ta, ta gama yi wa kanta shari'a, don biro sai bayan 1945 ya bazu. Ko takardar ta gaske ce, saura tambaya ɗaya: wannan bindigar take nufi? "Bindiga ɗaya" a jerin kayan gado ba ta nuna wacce ba.

Inda babu takarda, baki ne ya rage, kuma ni ban yarda da masu raina shi ba. Daga 1906 zuwa yau kusan shekara 120 ne. Wanda yake saurayi a ranar yaƙin yana iya kaiwa shekarun 1960 da ransa, kuma akwai tsofaffi a raye da suka zauna da irinsu. Isnadi mai mutum biyu ke nan, gajere ƙwarai. Matsalar tana wajen yadda ake tambaya. In ka tara dangi a zaure ka ce "ko ba wannan ce ta je yaƙi ba?", amsa ɗaya za ka samu, ta babban gida, kowa ya gyaɗa kai. A ware mutane ɗaya-ɗaya. Kada a sa musu magana a baki. A ce, me kika sani game da bindigar nan, wa ya faɗa miki, shi yana ina a lokacin? A nemi reshen dangin da ya daɗe da barin gari, wanda bai san ana ciniki ba. A ɗaure zance da abin da ke da shekara sananniya, kamar isar jirgin ƙasa Nguru a 1930 ko zuwan Sarauniya a 1956. A kuma tambayi mata. Su ne aka fi mantawa, alhali su suka san abin da ya shigo gida da abin da aka sayar aka saye shi.

Ƙanwar marigayin, wadda duk gidan ke kira Goggo, ta haura tamanin da biyar, kuma babu wanda ya tuntuɓe ta tun da aka fara rigimar. Na same ta a ɗaki tana ɓarar gyaɗa.

"Goggo, bindigar nan ta turaka, me kika sani a kanta?"

"Kai angona, sai yau kuka tuna da ni? Ta Baba ce. Da kuɗin gyaɗa ya saye ta a Malam Madori, hannun wani bafatake da ya zo daga Kurmi. Inna ta ce har faɗa suka yi, don ita saniya ta so a saya."

"To wadda kakanku ya je yaƙi da ita fa?"

"Wace bindiga gare shi? Da takobi ya fita, bai kuma dawo ba. Takobin ne wani ya kawo bayan kwana uku."

Malam Madori tashar jirgi ce a kan layin Nguru, kuma jirgin da cinikin gyaɗa ne suka raya ta. Zancen Goggo ya faɗa daidai cikin tazarar da hatimin ya bayar, 1904 zuwa 1954, ita kuwa ba ta san akwai wani hatimi ba. Duk da haka ruwayar mutum ɗaya ce. Na bi wani tsoho daga ɗaya reshen dangin, wanda iyayensa suka koma wajen Gumel tun yana goye, ban gaya masa abin da na ji ba. Bai san komai game da bindiga ba. Amma ya san kakansu ya faɗi a Haɗejiya, kuma shi ma takobi ya ambata.

Wannan ne abin da na fi ganin yana faruwa a gidajenmu, fiye da ƙarya da gangan. Labarin gaskiya ne, mutumin ya je, ya kuma mutu. Amma labari yana son abin da zai rataya a jiki, kuma in ainihin kayan ya ɓace daga ido sai ya koma kan mafi kwarjinin abin da ya rage a ɗaki. Yaro ya ji "kakanmu ya yi yaƙi", ya ɗaga kai ya ga bindiga a bango, ya haɗa da kansa. Bayan shekara arba'in shi ne dattijon da ake tambaya. Sunan Buhari ma ina jin ta haka ya shigo, don a ƙasar Haɗejiya duk abin da ya tsufa ya kuma yi kama da yaƙi akan jingina masa.

Akwai kuma doka, wadda dillalin bai ko ambata ba. A Amurka bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan tana da sassauci a dokar tarayya, a Birtaniya ma an sa iyaka a 1939 tare da wasu sharuɗɗa. Waɗannan dokokinsu ne. A nan Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku: waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, waɗanda sufeto janar ke ba wa lasisi, da masu ɗuri ta baki irin ta toka, waɗanda lamarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Tsohuwar bindigar soja mai cin harsashi ba ta cikin kashi na uku komai tsatsarta, kuma a halin da ake ciki babu mai son a tare shi a shinge da ita a buhu yana bayanin tarihi. Sannan dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa kayan ƙirar gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Wato duk yadda labarin kaya ya ƙara inganta, haka sayar da shi ga mai babur ke ƙara zama abin tuhuma.

Dillalin ya dawo bayan mako uku. Da aka gaya masa abin da aka gano bai yi musu ba, bai kuma rage tayi sosai ba, ya ce a bar masa zancen Buhari yadda yake, shi ya san inda zai kai. Wannan ne ya sa babban kawuna ya ce a bar cinikin. Aka yi wa bindigar ƙima a matsayin abin da take, ta faɗa rabon ɗaya daga cikin magada, aka rubuta abin da Goggo ta faɗa da abin da hatimi ya nuna, da ajami da boko, da kwanan wata da sunayen waɗanda suka ji, aka naɗe aka ajiye tare da takardun gona.

Da zan tafi na koma yi wa Goggo sallama, na tambaye ta ina takobin ya shiga. Ta ce ya karye tun tana budurwa, aka kai wa maƙeri ya fitar da wuƙa biyu. Ɗaya ta bi wata amarya zuwa gidan miji. Ɗayar kuwa ita ce wadda ake yanka ragon layya da ita duk shekara, tana cikin kwandon kayan girki. Na ɗauko ta na juya. Ta sha washi har ta sirance, ƙotarta ta roba ce da aka ɗaure da waya, amma a tsakiyar ruwanta akwai ragowar wani tsagi a tsaye, irin wanda ake yi wa takobi, ba irin na wuƙar kasuwa ba. Na nuna wa Goggo. Ta ce in mayar da ita inda na ɗauko, za a yanka kaza da yamma.